Kabarin da Thoa Ta Hana a Tone

A tsibirinmu na Ly Son, wanda bai san fuskar Thoa ba ya san muryarta. Fuskar kam ganinta sai an dace, kullum tana naɗe da ƙyalle a ƙarƙashin malafa, idanu kaɗai a waje, tana duƙe a gonar tafarnuwa. Amma in ta ɗaga murya ta kira mijinta Luom, har masu ɗinkin taru a bakin gaɓa sai sun ɗago kai. Shekara ashirin da shida suna tare, ba a taɓa jin ranar da suka wuni ba su yi cacar baki ba. A kan gishirin miya, a kan wanda ya bar ƙofa a buɗe, a kan ko ruwan sama zai sauka. In ya ce zai sauka ta ce ba zai sauka ba, in kuwa ya sauka ta ce ai yayyafi ne. Maƙwabta sun saba, har in suka ji shiru sai a leƙo a tambaya ko lafiya.

Tana budurwa ta rantse ba za ta auri masunci ba, kuma tana da dalili. Teku ya cinye ubanta tana 'yar shekara tara, ya cinye yayanta shekara shida bayan haka, ko silifas ɗin ɗayansu ba a tsinta ba. To amma a tsibirin nan namijin da ba masunci ba malamin makaranta ne, shi ma wata ta riga ta. Sai ga Luom, gajere, rana ta gasa shi ya yi baƙi ƙirin, ga baki ba ya mutuwa. Ranar farko da ya tare ta a hanya ya ce tafarnuwar gidansu ƙarama ce. Ta ce ai ta fi kansa girma. Bayan wata biyar aka sha biki. 'Yarsu ɗaya, Dieu, ita ma ta yi aure can ƙetare a birni.

Tafarnuwarmu ba ta yi sai an yi mata shimfiɗa. Kowace shekara a kwaso jar ƙasa daga tudu, a kwaso farin yashi daga gaɓa, a zuba wannan a kan wancan. Thoa ta yi wannan dakon da kafaɗarta tun kafin babura su yi yawa. Shi kuwa Luom wata guda a teku, kwana biyar a gida, a jirgin ɗan baffansa, Kyaftin Phung.

Sai aka shiga shekarar da manya suka yi ta zare wa juna ido. Tsibiran duwatsun nan na tsakiyar teku, inda kakannin kakanninmu suke kamun kifi, babbar maƙwabciyarmu ta ce nata ne, mu muka ce namu ne, wata ƙasar ta gabas ta ce ita ma a sa da ita. Aka toshe iyaka, motocin kankanarmu suka yi layi har kaya ya ruɓe. Mu ma aka ce a daina sayen kayansu, alhali tukunyar dafa shinkafar kowane gida daga can take. A teku kuwa fararen jiragensu na sintiri suka yi yawa, manya-manya, kowanne da mesar ruwa mai iya kayar da bango.

A wata na uku na shekarar jirgin Phung ya dawo a karkace, gilasai a farfashe, bayansa a lotse. Su goma sha biyu suka fita, sha ɗaya suka sauko. Phung ya zo har gona. Ya ce farin jirgi ne ya biyo su, ya sakar musu ruwa, ya banke su ta baya. Luom yana can ƙarshen jirgi yana ƙoƙarin yanke igiyar taru, da ruwa ya lafa aka duba babu shi. Kwana biyu suka yi suna kewaya wurin. Thoa ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce masa ya matsa, yana taka mata shuka.

Kwana ɗari tana zuwa bakin gaɓa tana duba kowane jirgi. A rana ta ɗari da ɗaya ta tafi gidan Tsoho Khiem, mai yin mutanen yumɓu. Shi ya yi na ubanta, shi ya yi na yayanta. Ai ba a barin mutum ya yi ta gararamba a ruwa babu makwanci, in babu gawa sai a yi masa jiki. Tsoho ya haƙo yumɓu a tudu, ya kwaɓa da auduga, ya jera haƙarƙari bakwai na reshen itace, ya gina mutum mai rabin tsayin Luom, yana aiki yana tambayarta kamanni da inda tabo yake. Aka sa masa riga, aka kai shi bakin ruwa, tsoho ya kira sunan Luom sau uku ya ce ya fito daga teku ya shiga. Ya jefa tsofaffin kwabbai biyu a faranti, ɗaya ya faɗi ta fuska, ɗaya ta baya. Ya amsa ke nan, ya shiga. Aka sa a akwati aka binne kusa da gonarta, aka ɗora hotonsa a teburin kakanni, inda ake ajiye wa mamatan gida abinci da turare. Thoa ta rame har malafa ta yi mata yawa. Gida ya yi tsit, ba ta da wanda za ta ce wa ƙarya kake.

Wata biyu da binnewa, da rana tsaka, jirgin fito ya sauke fasinja, sai ga wani mutum da jakar leda da wata hula mai rubutun da babu mai iya karantawa. Luom ne. Abin haushi kuma, ya yi ƙiba. Kowa ya rame saboda mutuwarsa, shi ya dawo kumatu luhu-luhu, tumbi ya turo riga. Matan kasuwar kifi suka watse, aka bar wa kyanwoyi kwanduna. Inna Sen, maƙwabciyarsu, ita ta fi kowa ƙarfin hali. Ta damƙi gishiri da shinkafa ta watsa masa a fuska, tana cewa ya koma inda ya fito, an riga an yi masa komai, me kuma yake nema.

"Inna, ni ne fa," in ji shi, yana murza ido.

"Na san kai ne, shi ya sa."

Kafin labari ya kai gona ya riga ya shiga gida. Thoa ta zo a guje da fartanya a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa. Yana tsaye gaban teburin kakanni, yana cin ayabar da ta ajiye masa da safe, yana kallon hotonsa.

"Maman Dieu, duk hotunana wannan kika ga dama ki sa? Idona ɗaya a rufe."

Ta matso ta mintsine shi a damtse da ƙarfi. Ya yi ƙara. Ta ƙara. Sai ta zauna dirshan a ƙasa ta fashe da kukan da ta hana Phung gani, tana dukan ƙafarsa da malafa, tana dariya, hawaye da majina duk a haɗe. Daɗi ya kusa kashe ta, haka ta faɗa da bakinta daga baya.

Kwana uku aka yi ana shagali, labarin kullum ƙara tsawo yake. Wai kwana biyu ya yi rungume da jarka kafin wani jirgin masunta ya tsince shi. Na ƙasar masu farin jirgi ne. Talakawa ne irinmu, tsoro ya hana su gaya wa kowa, kada a ce sun ɗauki abokin gaba. Suka ɓoye shi a kicin wata huɗu, yana fere musu albasa, suna ɗura masa taliya. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa, amma ya rantse kullum sai ya yi musu da mai girkinsu. Daga baya a tsakiyar teku suka haɗu da jirgin mutanen gabas, irin haɗuwar da masunta ke yi a ɓoye ana musayar taba da man girki duk da manya sun hana. Aka miƙa shi tare da kwalin taliya biyu. Waɗannan suka miƙa wa wani jirgin, har ya faɗo hannun namu.

"Duk jiragen nan babu mai waya?" in ji Thoa.

"Akwai."

"To?"

Ya sosa ƙeya. "Lambarki tana cikin wayata, wayar kuma tana ƙarƙashin teku."

"Shekara goma sha ɗaya ina da lambar nan, Baban Dieu."

"Na san dai akwai tara a ciki."

Da shagali ya ƙare Luom ya tafi wurin Phung ya ce yaushe za a fita. Phung ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Kai fa kana da kabari. Wa zai hau jirgi da mai kabari? In ka sa ƙafa, mutanena duk sauka za su yi, ni ma in bi su." Luom ya zaga jirage bakwai, amsa ɗaya. Wani kyaftin ma bai bari ya taɓa masa igiya ba.

Suka tafi gidan Tsoho Khiem, shi da Thoa. Luom ya ce ai kuskure aka yi, ga shi da ransa. Tsoho ya ce shi shekara hamsin yana jefa kwabban nan ba su taɓa yi masa ƙarya ba. An kira, an amsa, wani abu dai ya shiga.

"Ina can ina fere albasa, Baba, ta ina na amsa?"

"Ranar ba ka ji jikinka ya yi sanyi ba?"

"Kullum jikina sanyi yake, kusa da ƙanƙarar kifi suka yi min shimfiɗa."

"Ka gani," in ji tsoho.

Amma ya ce gyaran ba wuya. A tone, a fito da yumɓun, a kai bakin ruwa, a kira abin da ya shiga ya koma jikin mai shi. Sharaɗi ɗaya ne. Wadda ta zo ta roƙa a yi, ita za ta zo ta ce a warware, kuma ita za ta fara sara da fartanya. Ba miji ba, ba kyaftin ba.

Thoa tana zaune tana ji, sai wani abu ya haska mata a kai. Muddin kabarin nan yana nan, babu jirgin da zai ɗauki mijinta. Babu farin jirgi, babu mesa, babu tsayuwa a bakin gaɓa. Abin da ta yi shekara ashirin da shida tana nema da faɗa da kuka da yaji ba ta samu ba, ga shi tulin ƙasa ya yi mata a ɓagas. Ta gyara zama, ta yi wata murya mai laushi da ba a san ta da ita ba.

"To Baba, a bari mu gama shuka tukuna."

Aka gama shuka, ta ce bayanta ya riƙe. Baya ya saki, ta ce ta duba kalanda, watan ba shi da ranar sa'a ko ɗaya. Wata ya wuce, ta yi mafarki da surukarta ta ce kada a taɓa. Luom ya ce uwarsa tana da rai ma ba ta taɓa yi mata maganar arziki ba, yanzu ne za ta zo mata a mafarki? Ana cikin haka aka wayi gari ta kawo magina, an lulluɓe kabarin da siminti, an shafa farin fenti, an dasa furanni. Kabarin Luom ya fi na kowa kyau a unguwar, har baƙi daga birni suna tsayawa ɗaukar hoto.

Ran ɗaya ga wata da ran sha biyar takan kai dafaffiyar kaza da turare. Shi kuma ya biyo ta a baya, ya zauna a kan simintin, ya jira turare ya cinye, ya jawo faranti.

"Ba taka ba ce, ta marigayi ce."

"Wane ne marigayin?"

"Wani mutumin kirki, ba ya mayar min da magana."

"To ki ce masa ya tashi ya kwaso miki yashi."

Sunan ya bi shi. Marigayi, an tashi lafiya? Marigayi, zo ka sha shayi. Masu caca suna tare shi ya faɗa musu lambar da za ta fito, tunda yana da ƙafa ɗaya a can. Ya jefa wa wani lamba don ya rabu da shi, ta kuwa fito, mako guda ƙofar gidan ba ta rufu ba. A gona kuwa abin takaici ne. Mutumin da ke gane inda kifi yake daga launin ruwa, sai ga shi ya dasa tafarnuwa kai a ƙasa, jere uku cur. Thoa ta bi tana tonewa tana zagi, zuciyarta fari ƙal. Ba ta taɓa jin daɗin duniya irin na watannin nan ba.

Da shekara ta zagayo ta ce sai an yi masa bikin tunawa, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci ranar da ya tafi. Aka yanka kaji da agwagi, aka dafa shinkafa mai danƙo, ga giyar shinkafa, tebur shida. Dieu ta zo da mijinta. Luom ya sa farar riga, ya kunna wa kansa turare, ya rusuna wa hotonsa sau uku, sannan ya juyo ya yi wa jama'a godiya a madadin marigayi. Ya ce marigayi ya ce a gaya wa mai girki agwagwar ta yi tauri. Inna Sen ta yi dariya har haƙoranta na roba suka faɗa miya. Tsoho Khiem kansa sai da aka riƙe shi zuwa gida.

Duk watannin nan Phung yana riƙe masa da gurbinsa a jirgi, yana ɗaukar na wucin gadi. Kwana uku bayan biki ya zo ya ce ba zai iya ƙara jira ba. In aka fita a watan gobe babu Luom, to ya ba wani. Luom ya ce, "To."

Daga ranar bakinsa ya mutu. Ba fushi ba, da fushi ne da sauƙi. In ta kira shi sai ya zo. In ta ce ruwa ba zai sauka ba ya ce haka ne. Ta zabga gishiri a miya da gangan, ita kanta ta kasa haɗiyewa, shi ya shanye ya ce an gode. Ta zagi danginsa tun daga kan kakansa, ya ce, "Kin fi ni sani, Maman Dieu." Tumbin ya zube. Thoa ta tsorata, don ta san irin shirun nan, shi ne na wata biyar ɗin da ba ya gida.

Wata rana da hantsi ta neme shi a gona ba ta gan shi ba. Ta same shi zaune a gefen kabarin, babu kaza babu turare, yana cire ciyawa a hankali, fuskarsa tana kallon teku. Ta tsaya a kansa ta buɗe baki za ta yi tsiya, sai abin da ya fito daban.

"Ubana ga shi can, yayana ga shi can, duk yumɓu. Kwana ɗari na yi a bakin ruwan nan. Ba zan iya sakewa ba, Baban Dieu. Gaskiyar ke nan, ba bayana ba ne, ba kalanda ba ce."

"Tun ranar farko na sani," in ji shi. "Wa kika taɓa yi wa murya mai laushi?" Ya jefar da ciyawar da ke hannunsa. "Shi ya sa ban matsa ba. Ba zan ƙara tambayarki ba. Ki bar shi, ya yi kyau."

Da ihu ya yi mata da ta san abin yi. Ta dube shi. Hannuwan da igiya ta yi wa kanta sun yi laushi, yana zaune a gefen kabarin kamar mai jiran a buɗe masa ƙofa. Ta hana teku mijinta, ga shi ita da kanta tana binne shi a tudu, kullum kaɗan-kaɗan. Ta tsani tekun nan, ta tsani fararen jirage da manyan da ke aiko su, ta tsani kanta ma. Ta juya ta nufi gidan Tsoho Khiem ko ƙafa ba ta wanke ba.

Ranar tono rabin tsibiri ya hallara. Thoa ta ɗaga fartanya ta sara, fartanya ta yi tsalle ta dawo, saura kaɗan ta fasa mata goshi. Ita ce ta ce wa magina kada su yi rowar siminti, ba su kuwa yi ba. Sai da aka aro guduma, maza huɗu suna karɓa-karɓa har rana ta take. Da aka buɗe akwati Luom ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Rigata ce wannan? Ta bikin Dieu? Wata takwas ina nemanta kina ce min ɓera ne."

"Da tsumma kake so a binne ka?"

"Kuma dubi wuya. Ni ne da wannan wuyan?"

"Baba ya rage maka ma, don mutunci."

Jama'a suka kwashe da dariya. Thoa ta ji daɗi da tsoro a wuri ɗaya.

Aka kai yumɓun bakin ruwa. Tsoho ya kunna turare, ya kira suna sau uku, ya ce a fito a koma jiki. Kwabbai suka faɗi, ɗaya fuska, ɗaya baya. Phung ya daki kafaɗar Luom ya ce jibi da safe, kada ya makara. Aka yi tafi. Tsoho ya ce a ɗauki yumɓun a sa a ruwa ya narke, shi ke nan an gama. Maza biyu suka sunkuya.

"Ku dakata," in ji Thoa. "Baba, yanzu babu kowa a ciki?"

"Babu. Laka ce kawai."

"Phung, laka za ta hana ka ɗaukarsa?"

"Ni kabari ne damuwata, matar yaya, an kuwa rushe shi."

"To a ba ni."

Aka sake fashewa da dariya, wani daga baya ya ce miji ɗaya bai ishe ta ba. Ita ba ta yi dariya ba. Ta dubi tsohon.

"Ba raini ba, Baba. Shekararka tamanin da uku, hannunka ya fara rawa, kuma babu wanda ya koya a wurinka. In teku ya sake riƙe shi ya ƙi saki, wa zai yi min wani?"

Dariyar ta ɗauke. Babu wanda ya ce mata kada ta faɗi haka, don matan da ke wurin kowace ta taɓa yin wannan tunanin a zuciyarta. Luom ya matso. Ya sunkuya zai taya ta ɗauka.

"Bari," ta ce. "Je ka duba ƙugiyoyinka, jibi ba nisa."

Ta naɗe yumɓun da tabarma, ta ɗaure da igiya, Inna Sen ta taya ta aza a baya. A saman rumfar tafarnuwa za ta sa shi, inda danshi ba ya kaiwa. Ya fi yadda ta zata nauyi, sau uku tana hutawa kafin ta kai gida.